Tambayoyi da amsoshi kan dibaga: yadda ake farautar kuskure a manhajar intanet

Waɗannan su ne tambayoyin da masu koyon gina manhajar intanet suka fi yi mini, musamman waɗanda suka fara da JavaScript suka haɗa da PHP ko Python. Sunayen maɓallai da umarni na bar su yadda suke a allo, don kada mutum ya je nema ya rasa.

Mece ce dibaga, kuma me take yi?

Manhaja ce da ke ba ka ikon tsayar da kod ɗinka yana tsaka da gudu, ka leƙa cikinsa. Kod ba ya jiran kowa, kafin ka ɗaga kai layi dubu ya wuce, abin da zai iso gabanka sakamako ne kawai: farin shafi, ko lissafin da bai fita ba, ko maɓallin da aka danna ya yi shiru. Dibaga tana kafa shinge a layin da ka zaɓa, irin shingen kan hanya. Duk lokacin da kod ya iso nan dole ya tsaya, ka buɗe kayan da ya ɗauko, ka ga abin da ke cikin kowace bariyabul, wato sunan da kod ke ajiye wata ƙima a ƙarƙashinsa, a daidai wannan lokaci, ka ga hanyar da ya biyo, sannan ka riƙa sakinsa taki ɗaya-ɗaya. Wannan shinge shi ne breakpoint da za ka gani a rubuce a allo.

Ba ta gyara maka komai, nuni kawai take yi. Kusan duk kuskuren da ya hana ni barci yana ɓoye ne tsakanin abin da nake zaton kod yana yi da abin da yake yi a zahiri, kuma dibaga ce ke ajiye biyun gefe da gefe.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Turanci mai nufin ƙwaro. A ranar 9 ga Satumba 1947, ma'aikatan kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka suka ciro wani ƙwaro da ya maƙale a cikin na'urar, suka manna shi a littafin aiki. Injiniyoyi sun daɗe suna kiran matsalar inji da wannan suna kafin ranar, amma labarin ne ya fi yaɗuwa.

Ni console.log nake amfani da shi, kuma yana yi mini aiki. Me zai sa in wahalar da kaina?

Ba zan raina console.log ba, wato umarnin da ke buga ƙima a konsol, allon saƙonnin burawuza, ni ma kullum ina rubuta shi, haka var_dump a PHP da dd na Laravel da print a Python. Matsalarsa ita ce sai ka riga ka san tambayar da za ka yi. Ka buga bariyabul ɗaya, ka sabunta shafi, ka ga ba ita ba ce, ka koma ka ƙara wata, ka sake sabuntawa. A haka rabin yini zai tafi. Idan kuwa kod ya tsaya a shinge, duk bariyabul ɗin da ke wurin suna gabanka lokaci guda, har da waɗanda ba ka taɓa zargi ba, kuma sau da yawa mai laifin yana cikinsu.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata ka sani. Idan ka buga objekt, wato ƙunshin ƙimomi da yawa a wuri ɗaya, a konsol na Chrome, sannan daga baya ka danna ka buɗe shi, abin da za ka gani shi ne halin da yake ciki a lokacin buɗewar. Idan kod ya canza shi a tsakani, za ka yi ta rantsuwa cewa ƙimar daidai take alhali lokacin da aka buga ta ba haka take ba.

Wacce zan zaɓa? Sun yi yawa.

Kafin ka tambayi wacce ta fi, tambayi kanka: a ina kod ɗin da nake zargi yake gudu? Manhajar intanet gida biyu gare ta. Akwai ɓangaren da ke gudu cikin burawuzar mai amfani, wato JavaScript da HTML da CSS, akwai kuma wanda ke gudu a saba, wato kwamfutar da ke aiko wa burawuza shafin, ko Node.js ne ko PHP ko Python ko wani yare. Dibagar burawuza ba ta ganin abin da ke cikin saba, ta saba ma ba ta san abin da ya faru a allo ba. Na ga mutane da yawa sun ɓata awanni suna kafa shinge a gidan da ɓarawon bai taɓa shiga ba.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce shafin Network na burawuza. Buɗe shi, maimaita abin da ke kawo matsalar, ka danna saƙon da ya tafi saba. Duba abin da aka aika, ka duba abin da ya dawo. Idan abin da aka aika gurgu ne tun daga gida, laifin na burawuza ne. Idan an aika daidai amma amsa ta dawo da lamba 500, alamar kuskure a saba, ko da bayanin da bai dace ba, ka nufi saba. Wannan dubawa ta minti biyu ita ce take zaɓar maka dibaga.

Daga nan sauran mai sauƙi ne. A burawuza ka yi amfani da wadda ta zo da ita. A saba ka yi amfani da ta yaren da kake rubutu da shi, ka haɗa ta da editan da ka saba, wanda ga yawancin masu koyo VS Code ne. Dukansu kyauta ne.

Chrome ko Firefox?

Wadda ka fi sabawa da ita. DevTools na Chrome, wato kayan binciken shafi da dibagarta ke ciki, shi ne a cikin Edge da Brave da Opera ta kwamfuta, domin duk a kan Chromium aka gina su, saboda haka koyo ɗaya ya wadatar. Firefox tana da tata mai kyau, kuma tana da tarihi a wannan fanni: Firebug da Joe Hewitt ya fitar a 2006 ta nuna wa masu gina shafuka da yawa cewa ana iya leƙa cikin shafi yana raye, har aka yi mata ritaya a 2017 lokacin da Firefox 57 ta fito. Ni dai ina fara aiki da Chrome saboda yawancin masu shiga shafukan da nake ginawa da wayar Android suke zuwa, in koma Firefox idan ina faɗa da tsarin CSS. Idan kana aiki da React ko Vue, ƙara musu nasu kayan na burawuza, su ne ke nuna maka abin da kowane ɓangare na shafi yake riƙe da shi.

Yaya zan kafa shinge na farko?

Bari in ba da misali da abin da ya taɓa faruwa da ni. Ina gina shafin biyan kuɗin makaranta, kuɗin zango naira 15000, ana ƙara 500 na hidima. Sai shafi ya nuna wa mai biya 15000500. Ga yadda ake kama irin wannan.

Danna F12, ko Ctrl+Shift+I, ka shiga shafin Sources idan Chrome ce, ko Debugger idan Firefox ce. Ctrl+P zai ba ka damar neman fayil da sunansa. Nemo layin da ake haɗa lissafin, ka danna lambar layin a gefen hagu, za ka ga ta yi shuɗi. Koma shafi ka danna maɓallin biya. Komai zai daskare, layin ya haskaka. Yanzu ɗora linzami a kan bariyabul ɗin kuɗin, ko ka duba Scope a gefen dama. A nawa, abin da na gani shi ne "15000" a cikin alamar zance. Rubutu ne, domin duk abin da ya fito daga akwatin fom rubutu ne ko da lambobi aka cika, kuma alamar tarawa a JavaScript idan ta haɗu da rubutu jerawa take yi. Da ido a kan shafi, 15000 na rubutu da na lamba kamarsu ɗaya. A shinge kuwa alamar zancen nan biyu ta fallasa komai.

Tun kana tsaye za ka iya gwada maganin: buɗe konsol ka rubuta Number na bariyabul ɗin ka tara da 500, ka ga ko 15500 zai fito, kafin ka taɓa fayil. Idan kuma ba ka son neman layi, rubuta kalmar debugger a cikin kod ɗin, burawuza za ta tsaya a nan muddin DevTools a buɗe yake. Ka dai tuna ka goge ta bayan an gama.

Tunda maganar kuɗi ake: ka riƙa lissafi da kobo a matsayin cikakkiyar lamba. A JavaScript 0.1 a tara da 0.2 yana ba da 0.30000000000000004, kuma kamfanin biyan kuɗi na Paystack ma da kobo yake karɓar adadi, wanda ya aika 15500 yana nufin naira zai ga an caji naira 155.

Maɓallan nan na sama masu kibiya fa?

F8 yana sakin kod ya ci gaba har shinge na gaba. F10 yana taka layi ɗaya, idan akwai kiran fankshin a layin, wato wani gungun kod mai suna da ake kira ya yi aiki, ya gudanar da shi ba tare da ya shigar da kai ciki ba. F11 yana shiga cikin fankshin ɗin, Shift+F11 ya fito da kai. A VS Code duk haka suke, sai dai sakin kod F5 ne.

Wanda aka fi mantawa da shi, kuma ya fi su amfani a wurina, shi ne Call Stack. Jerin kira ne: wane fankshin ya kira wane har aka iso inda kake tsaye. Wurin da kod ya faɗi ba kasafai yake zama wurin da aka yi ɓarnar ba. Ka ga bariyabul ta zo fanko, to wa ya miƙo ta fanko? Danna na ƙasa da kai a jerin, za ka koma wurinsa da duk kayansa yadda suke lokacin da ya yi kiran. Haka za ka yi ta bin sawu har gindin matsalar. Idan F11 yana yawan jefa ka cikin kod na laburaren da ba kai ka rubuta ba, saka fayilolinsu a Ignore List.

Layin yana cikin zagaye mai maimaituwa sau dubu. Sai na danna F8 sau dubu?

A'a. Danna lambar layin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi shinge mai sharaɗi, ka rubuta sharaɗin, misali lambar ɗalibi ta zama 742, ko jimilla ta yi ƙasa da sifili. Ba zai tsaya ba sai sharaɗin ya cika. A wurin kuma akwai Logpoint, wanda ke buga saƙo a konsol ba tare da tsayawa ba kuma ba tare da ka taɓa fayil ba, ba sauran mantuwar console.log a cikin kod ɗin da za a miƙa wa mai aiki.

Idan ban ma san layin da zan kafa shingen ba fa?

Wannan ya fi faruwa idan ka gaji aikin wani. Chrome tana da shingaye da ba sa buƙatar layi. A Event Listener Breakpoints ka zaɓi click, duk kod ɗin da ya amsa dannawa zai tsaya. A shafin Elements ka danna dama a kan abin da ke ɓacewa ko canzawa, ka zaɓi Break on, za a kama wanda ya taɓa shi hannu dumu-dumu. A XHR/fetch Breakpoints ka rubuta wani yanki na adireshin, a tsaya a daidai wurin da ake aika saƙon. Sannan akwai tsayawa a kan kuskure, har da wanda wani ya kama da try da catch ya haɗiye shi shiru. Wannan na ƙarshe ya sha fito mini da matsalolin da konsol bai ce uffan a kansu ba.

Kod ɗin da nake gani a burawuza ba shi na rubuta ba, layi ɗaya ne dogo mai haruffa barkatai.

Kayan haɗa kod irin su Vite da webpack sun matse shi, ko kuma an juya TypeScript zuwa JavaScript. Maganin shi ne taswirar tushe, fayil mai ƙarewa da .map, wadda ke gaya wa burawuza wane wuri a matsattsen kod ya yi daidai da wane layi a naka. A yanayin gini yawanci a kunne take. Idan shinge yana sauka a layin da ba shi ba, taswirar ta tsufa, sake gini ka kunna Disable cache a shafin Network. Idan babu taswira sam, alamar {} a ƙasan allo za ta warware layin ya karantu, ko da yake sunayen asali ba za su dawo ba.

Ɓangaren saba fa?

A Node.js, tashi manhajar da node --inspect, za ta buɗe ƙofa mai lamba 9229. Rubuta chrome://inspect a Chrome ka haɗa, DevTools ɗin da ka riga ka sani ne zai buɗe. Idan matsalar tana faruwa tun a tashi, --inspect-brk zai tsaya a layin farko ya jira ka. A VS Code akwai hanya mafi sauƙi, JavaScript Debug Terminal: duk abin da ka tasa a cikinsa yana haɗuwa da kansa.

A Python, tun daga siga ta 3.7 da ta fito a 2018, rubuta breakpoint() ya isa ya jefa ka cikin pdb a taminal, inda n ke taka layi, s ke shiga, c ke saki, p ke buga ƙima. Mai son maɓallai ya yi amfani da debugpy a VS Code. Idan Django ko Flask suka ƙi tsayawa a shinge, ka zargi tsarin sake tashi da kai, domin yana gudanar da manhajar a wani aiki na daban. A Django gwada runserver --noreload.

A PHP, Xdebug ce, ta Derick Rethans, tun 2002.

Na saka Xdebug, na kafa shinge, amma ba ta tsayawa.

Wannan tambaya ta fi kowace zuwa, kuma dalilan ba su da yawa. Abu na farko da za ka fahimta shi ne alƙiblar haɗin. A nan edita ne ke zaune yana saurare, PHP ce ke kiransa. Saboda haka dole ka kunna sauraro a edita kafin ka buɗe shafin.

Sai batun siga. Xdebug 3 ta fito a Nuwamba 2020 ta canza sunayen saiti, ta kuma mayar da ƙofa daga 9000 zuwa 9003, domin 9000 tana karo da PHP-FPM. Darussa da yawa a intanet na tsohuwar siga ne, mutum ya kwafi remote_enable ya zauna yana jira. Abin da ake buƙata yanzu shi ne xdebug.mode=debug, da xdebug.start_with_request=yes, ko kuma a bar shi a trigger a riƙa tayar da ita da ƙaramar manhajar burawuza. Ka kuma tabbata php.ini ɗin da ka gyara shi ne wanda sabar ke karantawa, domin na taminal daban ne a kwamfutoci da yawa. Kira xdebug_info() a shafi zai gaya maka gaskiya.

Idan cikin Docker kake, inda PHP ke gudu a cikin keɓaɓɓen akwati, localhost, sunan da kwamfuta ke kiran kanta da shi, a wurin PHP yana nufin cikin akwatin kansa, sai ka nuna wa xdebug.client_host hanyar fita, a Windows da Mac host.docker.internal ne. Na ƙarshe shi ne pathMappings a launch.json: saba ta san fayil ɗin a /var/www/html, editanka ya san shi a wani wuri, idan ba ka haɗa su ba za a yi sallama amma shinge ba zai kama ba. Kada kuma ka firgita idan ka daɗe a tsaye burawuza ta nuna 504, nginx ne, manhajar saba da ke miƙa saƙo ga PHP, ya gaji da jira bayan daƙiƙa 60.

A kwamfutata lafiya lau, a wayar mutane kuma ya ƙi.

Yanayin waya na DevTools yana rage faɗin allo ne, ba ya mayar da kwamfutarka Tecno ko itel mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ka samo wayar gaske. A Android shiga bayanin waya ka taɓa Build number sau 7, ka kunna USB debugging, ka haɗa da kebul mai ɗaukar bayanai, sannan chrome://inspect. Shafin da ke buɗe a wayar zai bayyana, da shinge da konsol da komai. Port forwarding a wannan shafi zai sa wayar ta ga localhost ɗinka. Ga iPhone hanyar da Apple ta tanada ita ce Web Inspector na Safari a kan Mac.

Ka kuma rage gudun sadarwa a shafin Network zuwa 3G. Matsaloli da yawa na masu amfani a wajenmu daga nan suke: mutum ya danna biya, shiru, ya sake dannawa, oda ta shiga sau biyu. A kan intanet mai sauri ba za ka taɓa ganin wannan ba. Masu shiga da Opera Mini a yanayin matse data kuwa, sabar Opera ce ke sarrafa shafin kafin ya iso wayar, JavaScript da yawa ba ya aiki, kuma ba a haɗa ta da dibaga. Sai dai ka gwada da hannu.

Haruffan ƙ da ɗ da ɓ suna lalacewa. Dibaga za ta taimaka?

Sosai, domin tambayar ita ce a wace tasha suka lalace. Bi kalma ɗaya, kamar ƙasa: duba ta a saƙon da aka aika, a shingen saba lokacin karɓa, a rumbun bayanai, sannan a amsar da ta dawo. Idan ka ga Æ™ a madadin ƙ, ko É— a madadin ɗ, rubutun UTF-8 ne aka karanta da tsohon tsarin haruffan Turai, yawanci a haɗin rumbu ko a kan amsar saba. Idan alamar tambaya ta maye gurbinsu a cikin rumbun, shafin tebur ɗin ko haɗin latin1 ne, kuma abin da aka riga aka adana ya tafi. A MySQL ka sa utf8mb4 a tebur da haɗi duka.

Zan iya barin dibaga a kunne a sabar da jama'a ke shiga?

Kada ka yi, ɗan'uwa, ko na kwana ɗaya. Dibaga ƙofa ce da ke gudanar da duk umarnin da aka ba ta. A 2015 an kwashe bayanan masu amfani da Patreon bayan da aka bar sabar gwaji a buɗe ga duniya da dibagar Werkzeug, wadda Flask ke amfani da ita. A 2021 an bayyana wata ɓaraka a Ignition, shafin kuskure na Laravel, mai ba baƙo damar gudanar da kod idan yanayin gwaji a kunne yake. Don haka APP_DEBUG=false a Laravel, DEBUG=False a Django, kada Xdebug ta hau sabar jama'a, kada kuma ƙofar 9229 ta saurari kowane adireshi sai 127.0.0.1. Ko ba maganar tsaro, shinge ɗaya a Node.js yana tsayar da kowa da kowa da ke kan wannan aiki.

A can, rajistar abubuwan da suka faru ce idonka, da kayan tattara kuskure irin su Sentry. Ka ɗauko bayanin, ka maimaita matsalar a kwamfutarka, a nan ka kafa shinge. Idan saƙon da kamfanin biyan kuɗi ke turo wa sabarka kake bi, ngrok zai ba kwamfutarka adireshi na wucin gadi. Haka nan ka kula da fayil ɗin HAR, wato kwafin saƙonnin shafin Network, da umarnin Copy as cURL kafin ka tura wa wani, suna iya ɗauke da kukis ɗin shigarka.

Ya kamata in sayi mai kuɗi?

Ba yanzu ba. PhpStorm da PyCharm na JetBrains suna da kyau, saitin Xdebug a PhpStorm ya fi sauƙi, kuma ɗalibai suna samun lasisi kyauta. Amma cikakkiyar sigarsu da dala ake biya, suna kuma cin ƙwaƙwalwa, kwamfuta mai RAM 4GB za ta sha wuya. Shinge da jerin kira da taka layi iri ɗaya ne ko'ina.

Da na kafa shinge sai matsalar ta ɓace, da na cire sai ta dawo.

To ka samu babbar shaida: matsalar ta lokaci ce. Abubuwa biyu ne ke tsere, misali kod yana karanta bayanin da bai gama isowa daga saba ba, tsayuwarka ta ba shi lokacin isowa. Nemi await da aka manta, ko amsoshi biyu da suka dawo a juye, kamar akwatin bincike da amsar harafin farko ta iso bayan ta na uku ta shafe ta. A nan shinge ba abokinka ba ne. Sa Logpoint a farkon kowane aiki da ƙarshensa tare da performance.now(), ka rage gudun sadarwa don tseren ya fito fili, ka kunna Preserve log don kada sabunta shafi ya share sawun, sannan ka karanta jerin daga sama zuwa ƙasa ka ga wanda ya riga wani.